Sifika Mai Wuta

Gwaggona ta shekara ashirin da biyu tana buga takardu a ofishin wani lauya. Teburinta na bayan ƙofa, gefen tagar da ba ta rufuwa sai an cusa mata takarda. Lauya kan naɗo maganar mutane, ita kuma ta saurara a kwamfuta ta buga. Hannunta da sauri, bakinta ya fi hannun.

Bana aka samu matsala. Wani ya ce ya gaji gidan ubansa, Gwaggo ta buga wai ya gaji da gidan ubansa. Lauya bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Hajiya, ko kunnen ne ya fara?" Maganar ta tsaya mata a rai, don ta san in kunne ya tafi, kujerar ma ta tafi.

Na je na saurara da kaina. 'Yar sifikar jikin kwamfutar sai ka ce sauro a gwangwani. Na ce, "Gwaggo, ki sayi sifika mai wuta, ba sai mai tsada ba." Nufina wadda ake jonawa da lantarki, mai maɓallin ƙara murya a jikinta.

Washegari ta kira ni da murnarta. Na tarar da wata ƙatuwa a kan tebur tana walƙiya, ja, kore, shuɗi, ofishin lauya ya koma gidan biki. Magana kuwa gum-gum kawai kake ji.

"Ba kai ka ce mai wuta ba? Duk shagon babu wadda ta kai ta wuta!"

Muka koma tare. Mai shago ya tashi saka kiɗa, Gwaggo ta ɗaga masa hannu. "Ɗana, ba rawa ta kawo ni ba." Ta sa ya kunna muryar lauya, mutumin da ke magana can cikin maƙoshi, ana gwada sifikun ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan wasu ƙanana baƙaƙe, masu araha, ta rufe ido.

"Sake kunnawa."

Na ce, "Ba ki ji ba ne?"

"Na ji. Har haɗiyar yawunsa na ji." Ta yi dariya, sannan ta goge ido da bakin mayafi. "Wata uku ke nan ina zaton kurumcewa nake yi. Ko kawunka ban gaya wa ba."