Bangon Ɗakin Inna

Shekarun baya, da mahaifiyata ta tafi aikin Hajji, ni da yayana muka ƙulla za mu yi wa ɗakinta fenti kafin ta dawo. A Jega haka ake yi, ba a tarbar Hajiya da bango mai dauɗa, don gari duk a ɗakin zai zo barka da sauka.

Matsalar ɗaya ce. Ginin ƙasa ne, marigayi mahaifinmu ya yaɓa masa siminti da tafin hannunsa, har sawun yatsunsa na nan a jiki, tudu da kwari. Inna ta yarda da fenti, amma ta ce kada wanda ya taɓa mata yaɓen. Muka ce to, sai dai fenti ba ya kama bango mai maiƙo da hayaƙi sai an ɗan goge shi da samfefa.

Na je kasuwa na sayo iri biyu, lamba arba'in mai kaushi kamar dutsen niƙa, da ɗari da ashirin mai laushi. Ni da ban taɓa riƙe samfefa ba, na dawo gida ina bayani kamar tsohon mai fenti. Muka fara da mai laushin, aiki na tafiya kamar ba ya tafiya.

Kwatsam aka bugo waya, wai an matso da jirginsu, gobe za su sauka. Yayana ɗan kasuwar albasa ne a Aliero, komai nasa na sauri ne. Ya fizgi mai kaushin.

"Yaya, wagga ta katako da ƙarhe ce," na ce.

"Kai dai tsaya nan kana shafa bango kamar kan jinjiri!"

Ya sa ƙarfi a bangon da gadon Inna ke jingine. Da farko ƙura ce, sai na ji yashi na zuba ƙasa shaaa. Kafin in ce ya tsaya, wani ɓawon siminti ya ɓallo, jar ƙasa ta leƙo. Yayana ya tsaya da samfefa a hannu, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya ce, "Mun shiga uku."

Babu yadda muka iya. Muka cike wurin da sabon siminti, muka daidaita bangon sumul. Sauran ukun muka bi su da mai laushi a hankali, muna jin tudun yatsun Baba a ƙarƙashin hannunmu. Sannan muka shafa fenti.

Inna ta iso, ɗaki ya cika da mata ana ta yaba fenti. Ni ina bakin ƙofa ina kallon hannunta. Da aka watse ta zauna bakin gado, ta kai tafi bango yadda ta saba. Ta shafa, ta sake shafawa.

"Inna, mu munka..." yayana ya fara.

"Allah shi yi muku albarka," ta ce. "Ku kama min gadon ga, ku maishe shi wancan gefen."

Muka ɗaga gadon, babu mai iya kallon wani.

Da faɗa ta yi mana, da tuni na manta. Har yau gadonta na jingine da wancan bangon, kuma duk shigar da na yi ɗakin, gefen da ya fi kyau shi ne ba na iya kallo.