Kunyar Ɗiyar Fari

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kama sunan yayata ba. Ɗiyar fari ce, kuma a nan ƙasar Kurfai uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta zama tabarma ɗaya da shi, ba ta nuna wa mutane ta damu da shi. In tana son a miƙa wa Yaya fura, ni take kira: "Ke, kai ma waccan."

Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta ɗauke ta tun yaye, ta raine ta, ta aurar da ita a wani ƙauye kan hanyar Abala. Duk abin da ya shafi Yaya, Gwaggo ce mai baki. Mace ce da ba a taka ta. Ran da mijin Yaya ya fara marinta, Gwaggo ta hau amalanken jaki ta je har ƙofar gidansu, ta wanke shi tas a gaban uwayensa. Ya shiga taitayinsa. Sai Allah ya karɓi Gwaggo, mutumin nan ya ga fili.

Da kaka, ana zuba damman hatsi a rumbu, Yaya ta yi yaji ta taho gida. Ta ja kallabi ya rufe kunnen hagu, amma jini ya riga ya ɓata shi. Inna tana surfe. Ta ɗago ido sau ɗaya, ta mayar cikin turmi, ta ce da ni: "Ba baƙuwa ruwa." Baƙuwa fa! Wallahi ji na yi kamar in kifar da turmin.

Ni na kai ta likita a Filinge. Matar da ta duba ta ta haska kunnen da 'yar fitila, ta ce dodon kunnen ya fashe, wannan kam ya tafi. "Saura guda," in ji ta. "In anka sake bugunta haka, shi ma tahiya zai yi. Kar ku maida ta." Ta kuma gaya mana ran kasuwa wasu mata za su zo farfajiyar gidan likita su yi bayani kan dukan mata.

Ran Lahadi, ranar kasuwar, na ja Inna da dabara, na ce awon jini za a yi wa tsofaffi. Matan sun yi magana mai kyau, ba zan ci haƙƙinsu ba. Sun ce duka ba tarbiyya ba ne, sun ce akwai inda ake kai ƙara, jandarma ma na saurare. Sun ce wadda aka daka ta fara gaya wa uwarta, uwa kuma ta tsaya mata, kada ta kora ta ɗakin miji. Wata tsohuwa ta ɗaga hannu ta ce: "To in ɗiyar fari ta fa?" Mata suka kwashe da dariya, har da masu rufe baki da mayafi. Mai bayanin ba 'yar nan ba ce, ba ta gane abin dariyar ba, ta ce ai ɗiya ɗiya ce, ta wuce gaba. Inna ta miƙe ta ce za ta sayo kanwa kafin kasuwa ta watse.

A hanya na tsare ta. "Inna, kin ji abin da sunka ce. Kunne guda ya rage mata."

"Ke, rufe min baki. So kike a yi da ni cikin gari, a ce na zubar da kunya da furfurata?"

"A yi da ke mana! Maganar mutane ta taɓa kurmantar da wani?"

Ta ƙara sauri ta bar ni a baya.

Ba a jima ba dangin miji suka zo biko, dattawa da ƙullin goro, suna ta ba da haƙuri, wai sharrin Shaiɗan ne. Shi mai hannun ko zuwa bai yi ba. Baba ya saurare su a zaure, sannan ya leƙo cikin gida yadda aka saba, ya ce: "Mata, akwai mai magana?" Da Gwaggo na da rai, nan ne za ta fito tana gyara ɗaurin zane. Na buɗe baki, Baba ya ce ƙanwa ba ta shiga maganar auren yayarta. Na juya ga Inna. Tana tankaɗe, gari na zuba a ƙasa.

"Ni mi nawa ciki?" ta ce. "Ɗiyarku ta."

Yaya da kanta ta naɗe tabarmarta. Na riƙe ta na ce mu je wurin jandarma, ni da ita. Ta ce: "In kai uban ɗiyana ƙara, uwata da ubana na zaune ba su ce komi ba? In na hito can, gidan wa za ni?" Sai na sake ta. Da za su tashi Inna ta ba ni ƙullin kuka da daddawa da ɗan man shanu, ta ce: "Sa ma waccan cikin kaya."

Kafin ruwan shuka ya sauka Yaya ta dawo, wannan karon da saki. Laifinta, in ji mijin, raini: yana kiran ta ba ta amsawa. Ina za ta amsa? Kunnen dama ya bi ɗan'uwansa. Na sake kai ta likita, matar nan ta haska, ta kashe fitilarta.

Yanzu Yaya tana gida. Tana daka, tana ɗebo ruwa, in za ka yi mata magana sai ka zagayo ta gabanta. Wata rana da hantsi ina cikin ɗaki, Inna ta ɗauka na fita. Yaya na zaune tsakar gida tana tsintar wake, ta ba Inna baya. Inna ta duba ƙofa, ta duba wajen danga, sannan na ji ta kira sunan, a hankali, kamar mai tsoron ya ƙone mata harshe. Ta sake kira da ƙarfi, har kaji suka watse. Yaya ta ci gaba da tsintar wakenta.

Na fito ina hawaye. Inna ta gan ni, ta goge fuska da bakin zane.

"Ke," ta ce, "taɓa waccan. Rana ta ishe ta, ta matsa inuwa."