Yadda ƙafar Lackson ta koma kore

Yayana Lackson Chitsulo mai gasa jan bulo ne a Lunzu, kuma duk unguwarmu babu mai bakinsa. Ko makoki ya je, sai wani ya toshe baki da zane don kada a ga yana dariya. Wata rana gefen matoyar da yake gasa bulon ya rufto, wuta ta cinye masa ƙafar hagu daga gwiwa zuwa idon sawu. Aka kwantar da shi a wani asibiti a Blantyre, ni ce mai jinya, don matarsa Nasibeko na da tsohon ciki.

Da farko ciwon yana ta warkewa. Sai wata safiya nas ta zo wanke ciwon, muka ga bandejin ya rine kore shar, yana tashin wani ƙamshi kamar mangwaron da ya wuce nuna. Lackson ya leƙa ya ce da ni, "Ƙanwata, a gaya wa Nasibeko ta daina sayen ganye, ga miji ya fara tsiro."

Likita Msiska ba ta yi dariya ba. Ta ce ƙwayar cuta ce da ke zaune a wurare masu laima, bakin famfo, bokiti, tsumman goge ƙasa. Mai lafiya ba ta iya masa komai, sai wanda fatarsa ke buɗe. A nan asibitin ya ɗauke ta. Allurar farko ba ta yi aiki ba, ta biyu ma haka. Zazzaɓi ya rufe shi, bakin nan ya mutu. Wani dattijo da ke gadon kusa, mai irin ciwon, ya rasu. Aka fara zancen yanke ƙafa.

Sai sakamako ya fito daga ɗakin gwaji: akwai magani ɗaya da ƙwayar ba ta fi ƙarfinsa ba. Likitar ta shigo kusan da gudu. Aka fara allurar, aka haɗa da wanke ciwon da ruwan khal, wato binega mai tsami, da aka sirka, aka sauya famfon ɗakin, kowa sai ya wanke hannu kafin ya taɓa gado. Ruwan khal ɗin yana da raɗaɗi, amma a wankin nan ne na sake jin muryar yayana, yana tambayar nas ko za ta ƙara masa gishiri da kabeji, tunda an mayar da shi soyayyen dankalin da ake yayyafa wa khal.

Koren ya riƙa ja da baya, jan nama ya fito. Aka ɗebo fata daga cinyarsa aka shimfiɗa, ta kama. Ranar da ya taka ƙasa, maza a kan gadajensu suka yi ta buga kwanuka da cokali, ni kuwa na yi guɗa har nas ta kore ni waje.

Ya iso gida ya tarar da an haihu, 'yarsa ta riga shi zuwa. Nasibeko ta tuƙa nsima, tuwon masararmu, da kifin chambo, ya cinye malmala uku. Yanzu yana ɗingishi kaɗan, ya bar wuta, ya koma ginin ɗakuna da bulon da wasu suka gasa.