Hanjin Raguna Goma Sha Ɗaya

Ranar da maigidana ya aje aikin soja ya dawo Tasawa, ban ga firigo ba, ban ga katifa ba. Abin da aka sauko da shi daga saman kar, motar fasinja, wani ƙaton abu ne naɗe cikin bargo, mutum biyu na tallabe da shi. Maƙwabciyata har ta fara salati, ta zaci gawa ce. Da aka kwance sai ga goge, amma gogen da ya fi ni tsawo, ga wuya ga ƙugu, da tsirkiya huɗu. Kwantarbas ake ce masa. Shekara ashirin da bakwai yana kaɗa shi cikin makaɗan soja a Yamai, ni ina nan ina fama da koyar da yara boko a lakwal, ban taɓa jin muryar abin ba ko sau ɗaya.

Ban kuwa ji ba, don zafin bazararmu bai yi masa maraba ba. Tsirkiya biyu masu kauri na waya ne, an naɗe su da wata waya siririya, su ko a jikinsu. Siraran biyun na hanji ne, sun tsufa, cikin mako guda suka tsinke. Ya aika Yamai aka zaga, aka ce ai yanzu kowa jita mai lantarki yake kaɗawa. Sai ya jingine abin a kusurwar ɗaki, shi ma ya jingina a zaure.

Shekara uku yana zaune. Mutumin da a da in gishiri ya zarce a miya sai unguwa ta ji, ya koma ko toka na zuba masa sai ya ce an gode. Na tsokane shi har na gaji, bai tanka ba. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don na ga yadda zaman nan ya ɗauke abokansa biyu ba tare da wani ciwon kirki ba.

Na je kasuwar Mayahi wajen wani mai gurmi, ya ba ni wayar birkin babur da zaren kamun kifi, ya rantse da su yake cin abinci. Maigida ya ɗaura wayar, ya taɓa sau ɗaya, ya kwance.

“Madam, wagga ba ta zama da 'yan uwanta. Tsiwa gare ta.”

“To ai ni ma haka kac ce, ga mu nan har yau.”

Ko murmushi bai yi ba.

Da Babbar Sallah ta gabato sai ya ce shi da kansa zai je kasuwar Isawan sayen rago. Na yi murna, na ce mutum ya motsa. Da la'asar ya shigo janye da wani uda dogo, ƙafafu kamar na gadon kara, lafiyarsa lau amma ba kitse ko na shafa wa leɓe. Duk Tasawa kowa mai ƙiba yake nema, nawa mijin ya yi tafiyar yini ya zaɓo wanda za a yi mini dariya da shi.

“Malam, mi ragon ga ya yi maka? Ko azumi shi kai?”

“Ragon daji ne, tahiya ya sani. Hanjinai ya hi na ragon turke ƙarhi. Kitse shi ka ɓata hanji.”

Nan ya fito da maganar. Tsirkiya zai murza da hannunsa, ya taɓa ganin wani tsoho ya yi a bariki. Kuma hanjin rago ɗaya ba ya isa. Siririyar tana son na rago huɗu, wadda za ta zauna kusa da waya tana son na rago bakwai, don in ba ta yi kauri ba, yatsa na barin waya ya faɗa kanta kamar wanda ya taka rami. Kuma da ɗuminsa ake so, kafin ya huce.

Duk wanda ya san ranar layya ya san hanji ba na maza ba ne. Su nasu yanka da fiɗa da gicciye rago a itace gefen wuta. Kayan ciki namu ne, mu wanke, mu kitsa hanji, mu soya, shi ne abin da gida ke ci ran nan kafin a taɓa nama kashegari. Ka ce wa mace ta ba ka hanjin layyarta, gara ka ce ta ba ka ɗankunnenta. Na buɗe baki zan wanke shi tas, sai na lura tun da ya fara bayanin nan bai zauna ba, hannunsa sai aunawa yake cikin iska. Na haɗiye.

Ana saukowa daga idi na ɗauki roba, da sabon leshina da komai, na bi gida gida. Na ba da hantarmu, na ba da ƙoda, na yi alkawarin cinya. Wata ta ce ciki gare ni, da shekaruna hamsin da biyar. Wata ƙawata 'yar Bawdeta ta ja ni bayan rumbu.

“Hwaɗa mani gaskiya, wane boka ne? In yana ci, ni ma ina da matsala.”

Na ce mata kiɗa za a yi da shi. Ta dube ni da tausayi, ta ce ba komai, kowa da sirrinsa.

Kwana biyar gidana ba ya shiguwa. Ya kankare hanjin da tsagin kara, ya jiƙa cikin ruwan toka, ya sauya ruwa, ya sake kankarewa. Ƙudan Tasawa kaf a gidanmu suka yi yawon sallah. Sannan ya ninka, ya ɗaura daga turken akuya zuwa ginshiƙin rumfa, yana murzawa kaɗan kaɗan, yana korar kajina kamar su suka kashe masa uba. Na shanya zane kusa da wurin, ya yi mini ihun da rabona da ji shekara uku. Na rama, na shiga ɗaki na yi hamdala.

Bayan sun bushe ya goge su, ya shafa man gyaɗa, ya ɗaura. Sai kuma aka shiga sasanta su da wayoyin. Ya danna wannan, ya danna waccan, ya ce waya numfashinta dogo ne, hanji kuwa da ya yi magana sai ya yi shiru. Ya kwance mai kaurin, ya rage ta da ƙasa mai laushi, ya mayar. Mako biyu ana wannan shari'a.

Wata safiya ina tsince wake ya fito da abin tsakar gida, ya rungume shi, ya ce in saurara. Na aje faifai. Dum. Dum, dum. Dum. Muryar a ciki na ji ta, ba a kunne ba, amma dai dum ɗin ce, ba waƙa ba taushi.

“Shi ke nan? Hantata da cinyata, dum dum?”

Bai kula ni ba, ya ci gaba. Can sai ya ɗauke hannu, idonsa rufe, leɓensa na motsi, yana ƙirga. Ya koma ya yi dum ɗinsa, ya sake tsayawa.

“Ta tsinke ne?”

“A'a. Nan masu kakaki ka shigowa.”

Na dubi tsakar gidan. Ni ce, da akuya, da kaji. Sai lokacin na gane abin nan ba a yi shi don ya yi magana shi kaɗai ba, wasu yake ɗauka a bayansa, su kuwa suna Yamai, wasunsu ma suna ƙasa. Tausayinsa ya cika mini ƙirji.

Na ce ya ɗauko daga farko. Da ya zo wurin ya ɗauke hannu, na kama hancina na rangaɗa guɗa, irin wadda rabona da yi tun bikin autarmu. Kaji suka watse, akuya ta tsinke igiya.

Bai buɗe ido ba. Ya gyara tsayuwa, ya mai da yatsunsa kan tsirkiya.

“Kin shigo da wuri, Madam. A sake.”