Ɗalhatu Mai Tarihin Daular Rimot

Ranar da aka tuɓe Sabo daga sarautar ɗaki, firij ya yi wa sallama, har ya tsaya jiran amsa. Ba laifinsa ba ne, tabaransa aka ƙwace. Duk kuwa aikin Ɗalhatu ne.

Shi Ɗalhatu mutumin Gusau ne, gadi yake yi a gidan wani malamin jami'a a unguwar Al Gharrafa, kusa da Doha. A bakin malamin ya tsinci labarin wani marubucin tarihi na Rumawan Kustantiniyya, wanda ya ga sarakuna suna hawa suna faɗuwa kamar farashin tumatir. Ya yabi mai ci, ya caccaki tuɓaɓɓe, shi kuwa wuyansa lafiya lau. Ɗalhatu ya ce ai wannan sana'ar tasa ce, Allah ne dai ya jinkirta haihuwarsa.

Daularsa ɗakin kwanansu ne na 'yan ci-rani a unguwar Mu'aither. Gadon sarauta shi ne na ƙasa kusa da na'urar sanyi, sandar mulki kuma rimot ɗin na'urar. Duk Juma'a bayan shinkafa sai ya gyara murya ya ɗauki tarihin mako a waya, ya tura zauren hira na 'yan garinsu. Shi ya kawo dokar cewa tunda Rumawa makantar da tuɓaɓɓen sarki suke yi, a nan a wadatu da karɓe tabarau. Marar tabarau kuma a ɓoye masa caja.

Sabo direba, shi ma ɗan Gusau, ya yi zamaninsa, Ɗalhatu na kiransa Inuwar Talakawa. Da sanyi ya sa wa Aruna, ɗan zangon Kumasi, mura, sai Aruna ya haɗa kai da masu gadon sama aka yi juyin mulki Sabo na wanka.

Ba gadon ne ya dami Sabo ba. Matarsa Haulat na cikin zauren nan, kuma ta gama gaya wa unguwa mijinta shugaba ne a Doha. Ya lallaɓo ya sami Ɗalhatu yana gyaran murya, ya tuna masa zumunci da miyar kukar da suka sha tare, ya roƙe shi ya faɗa a tarihin cewa murabus ya yi don kansa, cikin girma.

Ɗalhatu ya ce sunan babin ma ya riga ya fita: Faɗuwar Azzalumi Mai Tawul.

"Haba ɗan'uwa, ba kai ka ce ni adali ba ne?"

"Yaya Sabo, lokacin ina ƙarƙashin sanyinka. Ka dawo mulki, wallahi ranar zan tuna."