Lahadin Sadisu a Munich

Sadisu mutumin Zariya ne, direban gireda. Ya zo Abuja tun tana daji, ya kama aiki da wani kamfanin Jamusawa masu shimfiɗa tituna. Shekarar da gwamnati ta tattaro komatsanta daga Legas, yana zaune a Karu da matarsa Ikilima, ɗakina yana kallon nasu. Surutu gare shi kamar rediyo, in ya ɗauko labarin gireda sai ka nemi hanyar gudu.

A shekarar ne kamfani ya tura shi Munich, can ƙasar Jamus, koyon sabon inji, sati shida. Ikilima na fama da ciwon ciki, amma ita ta matsa masa. Ta ce, "Je ka kalle mini garin tas, ka dawo ka ba ni labari. Ban da labarin inji."

Duk Asabar yakan bugo waya ofishin kamfani, yayansa Lawal ya je ya ɗauka. A sati na huɗu jikin Ikilima ya rikice, aka kwantar da ita a asibiti. Labari ya kai kunnen ogansu a can, ya ce wa Sadisu in yana so gobe ma a sa shi a jirgi. Sadisu ya bugo. Ni na raka Lawal ranar, na ji shi da kunnena yana cewa, "Da sauƙi wallahi, yau har kunu ta sha. Tsaya ka gama abin da ya kai ka." Alhali kwana biyu ke nan ko ruwa ba ta iya haɗiyewa. Ban ce uffan ba. Haka muka tashi muka tarar, ba a ɗaga wa matafiyi hankali.

Sai Sadisu ya zauna. Washegari Lahadi ya ari kwat ya fita kallon gari saboda ita, da ɗan littafi a aljihu don kada ya manta komai. Ya tsaya a dandali cikin Turawa, kowa ya ɗaga kai, ana kallon 'yan tsanan da ke rawa a jikin agogon hasumiya. Ya ci wani murɗaɗɗen burodi mai gishiri, ya rubuta cewa bai kai na Sabon Gari ba. A babban lambunsu ya ga tsofaffi kwance a rana kusan tsirara, ya kau da kai yana dariya, don ya san wannan ne zai fi ba Ikilima dariya. Daga baya ya hau hasumiyar wani coci yana haki, ya hango duwatsu masu farin kai.

A ranar ce Ikilima ta rasu, bayan azahar. Kafin magariba mun rufe ta. Asabar ta zagayo, Lawal ya sake cewa da sauƙi.

Da ya dawo ya tarar da ɗakin a kulle, tambaya ɗaya ya yi: wace rana, ƙarfe nawa? Aka faɗa masa. Sai ya ce, "Ina kan hasumiya." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Ya bar kamfanin, ya buɗe rumfar siminti a Dei-Dei. Surutun ya tafi. Labarin Munich ni kaɗai ya ba, sau ɗaya, yana karantowa daga littafin kamar mai karanta takardar kotu. Mutane kuma suka daina son ya je musu dubiya, don in ka tambaye shi ya mai jiki, abin da ya gani zai faɗa maka. Wasu har cewa suke ba shi da tausayi.

Bayan shekaru aiki ya kai ni Legas, mahaifiyata na kwance a gidana. Duk wanda na kira sai ya ce da sauƙi. Sadisu da ya je dubiya ya karɓi wayar ya ce, "Babu wani sauƙi. Ka taho yau." Na ji haushinsa, amma na taho. Na same ta da rai, ta gane ni, ta sa mini albarka, washegari ta cika.

Da aka share makoki na je Dei-Dei yi masa godiya. Yana ɗaure bakin buhu, bai ɗago ba. Ya ce, "Lawal ya gaya mini kana tsaye a wurin ranar da na bugo daga Munich. Da kai ma ka karɓi wayar."