Gamsheƙar Maƙwabcina

Shekarun baya can, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, mahaifina ya kama mini ɗakin haya a Makarfi. Daga Likoro na zo, ina shirin jarrabawar shiga kwalejin horon malamai, kuma akwai wani malami a garin da ya yarda ya riƙa duba mini lissafi. Mai gidan tsohon abokin mahaifina ne, sun ƙulla magana a kan shekara guda.

Ɗakuna biyu ne a jere ƙarƙashin rufi ɗaya, bangon da ya raba su bai kai sama ba. Sai da na kwana biyu na gane sana'ar maƙwabcina: gardi ne, mai wasa da macizai a kasuwanni. Mutum ne mai fara'a, in ya dawo daga kasuwar Ikara ba ya rasa riƙo mini rake. Kowace safiya yakan fito da ƙorai tsakar gida, ya buɗe, macizan su sha hantsi. Ni kuwa ina bakin ƙofa, ido ɗaya a littafi, ɗaya a ƙorai. Su biyar ne. Da yake halina ne rubuta komai, kullum nakan rubuta adadinsu a bayan littafin lissafi.

Wata takwas ina rubuta biyar. Wata safiya na rubuta huɗu.

Na sake ƙirgawa sau uku. Baƙar gamsheƙar ce babu. Kwana uku ina tsara yadda zan yi tambaya ba tare da na ɓata masa rai ba. A rana ta huɗu na gaishe shi, na tambayi gajiya, na tambayi kasuwa, har na tambayi lafiyar mutanen garinsu da ban taɓa gani ba, sannan na ce kamar na ga ɗaya ba ta fito ba.

"Ashe kana lura, ɗan boko," in ji shi. "Saɓa take yi. In za ta sake fata ba ta son jama'a. Za ta dawo."

Ya ƙara da cewa in ina so zai ba ni maganin da ko ta sare ni ba zai kama ni ba. Na yi godiya.

Ranar Juma'a ina shara na jawo akwatin littattafaina, sai ga saɓar a bayansa, doguwa, ba ta ko yage ba. Na naɗe ta a takarda na nufi zauren mai gida. Na durƙusa, muka gaisa. Sai kawai na warware takardar a gabansa.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce ba zai iya tashin gardin ba, don shi ya ceto masa ƙaninsa lokacin da kububuwa ta sare shi a gona. Ya ce in yi haƙuri, saura wata huɗu.

"Baba, a gafarce ni," na ce, kaina a ƙasa. "Mahaifiyata ni kaɗai gare ta."

Sai ya ce ya yarda in tashi, shi zai yi wa mahaifina bayani, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Malamina ya ba ni wuri a zaurensa.

Ranar tashi maƙwabcina ya zo taya ni kwashe kaya. Ya roƙi saɓar, wai ana haɗa magani da ita, na ba shi. Da na kai hannu ga akwatin littattafan sai ya riƙe ni, ya ce wannan shi zai ɗauka, in jira a waje. Na ji ya ƙwanƙwasa akwatin, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai rarrashi. Ya fito da akwatin a ka, jakar da ke kafaɗarsa a ɗaure tam.

Na san gamsheƙar ce a cikin jakar, muka ci gaba da kwashe kaya.

Ban taɓa riƙe shi a zuciya ba. Shi da abin cin abincinsa yake zaune, ni ne baƙo. Abin da nake gani yanzu shi ne kwana ukun nan da na ɓata ina gyara gaisuwa, alhali na ga huɗu da idona. Na ci jarrabawar, na yi koyarwa har na yi ritaya. Amma har yau ba na buɗe akwati sai na ƙwanƙwasa.